Radon: abin da sabon zuwa ba ya tambaya kafin ya kama haya

Da yawa daga cikin sababbin zuwa Amurka da Kanada ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke fara kamawa saboda araha. Mutanenmu sun iya riƙon baƙo, kafin mako ya zagayo an samo maka masauki, amma da wuya ka ji wanda ya tambaya ko an auna radon. Iska ce da ke fitowa daga yuraniyom ɗin cikin ƙasa da duwatsu, tana shigowa ta tsagar daɓe da bakin bututu. Ba wari, ba launi. In ka cire taba sigari, babu abin da ya kai ta haddasa sankarar huhu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta tana kashe mutum 21,000 duk shekara a ƙasar, mashaya taba kuma su ne kan gaba.

Awon ba wuya. Ka ajiye abin gwajin a ɗakin zama mafi kusa da ƙasa, aƙalla santimita 50 daga daɓe, nesa da taga, kicin da banɗaki. Na gaggawa kwana 2 zuwa 7 ne, tagogi a rufe tun awa 12 kafin farawa. Ranar da ka gama ka aika ɗakin bincike, don abin da ya kama yana raguwa da rabi cikin ƙasa da kwana 4. Na wata 3 a lokacin sanyi ya fi faɗin gaskiya.

Rigimar tana wajen mai gida. Zai ce maƙwabci ya auna, lafiya lau. Gida biyu jere da juna na iya shan bamban. Zai ce ka riƙa buɗe taga. Cikin ƙanƙara wa zai iya, kuma da ka rufe ta sake taruwa. Zai ce ya toshe tsagogi. Toshewa kaɗai ba ta isa. Kada kunya ta sa ka ce "ba komai". Ka nuna masa lamba: da fikokuri ko bekerel ake auna yawan radon a iska, Amurka ta ce a gyara daga fikokuri 4 a lita, wato bekerel 148 a mita kubik, Kanada da Birtaniya kuwa bekerel 200. Gyaran gaske shi ne bututu a ƙarƙashin daɓe da fanka mai zuƙo iskar ta fitar da ita saman rufi dare da rana, sannan a sake awo. Kome ku yi shi a rubuce, domin dokar haya a Amurka ta bambanta daga jiha zuwa jiha.