Akori-kura ta ƙi tashi: kurakuran da ke cinye kuɗin mai tsohuwar mota

Akori-kurar kawuna Peugeot 504 ce, cikin waɗanda aka harhaɗa a nan Kakuri, Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki a 1975. Ta girme ni. Shekara shida ke nan ina jan ta tsakanin Kawo da ƙauyukan hanyar Zariya, yau buhunan masara, gobe kwandunan tumatir. Rabin abin da na sani game da wayarin mota a ƙarƙashinta na koye shi, sauran rabin kuwa da kuɗin aljihuna na saya.

Asarar farko ita ce wadda kusan kowa ke yi. Wata safiya da hunturu na murɗa makulli, sai na ji ƙas sau ɗaya, shiru. Ban tambayi kowa ba, na yanke cewa kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, ya mutu. Na je Panteka na sayo wani na hannu, aka ɗaura, aka murɗa, ƙas ɗin nan dai. Wani dattijo mai gyaran wayarin mota yana zaune a kan benci yana kallonmu, sai ya ce, "Ɗana, kunna fitilar gaba tukuna." Na kunna, ta kawo tas. "To murɗa." Ina murɗawa ta mutu kamar an hure aci-balbal. Ya taso ya kama kan batir da yatsa biyu, sai ga shi yana juyawa, ƙarƙashinsa farin gari kamar kanwa. Ya sa yaro ya kawo ruwan zafi daga wajen mai shayi, ya wanke, ya kankare da wuƙa har ƙarfen ya yi sheƙi, ya ɗaure. Bugu ɗaya ta tashi. Na ce, "Baba, to kik ɗin da na cire fa?" Ya ce, "Ajiye shi, lafiyarsa ƙalau."

Gwajin fitilar nan ba ya cin ko sisi, amma mutane kan tsallake shi su tafi kasuwa. In fitila ta ɗauke gaba ɗaya da ka murɗa, duba kan batir da manyan wayoyi. In ta dushe ta koma ja, injin yana juyawa da ƙyar, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, batir ne ba shi da ƙarfi, ko kik yana jan wuta fiye da ƙima. In kuwa ko gezau ba ta yi ba, wuta ba ta isa ga kik ba ma, sai ka koma kan makulli da 'yar siririyar wayar da ke zuwa solonoyid, wato ɗan gwangwanin da ke goye a bayan kik. Akwai kuma lokacin da kik zai yi ta kuka shi kaɗai, wiii, inji bai motsa ba. Wannan bendis ne, wato ɗan giyar da ke bakin kik, ko haƙoran filawil, babban faifan ƙarfen bayan inji da yake kamawa, wayarin ba shi da laifi.

Masu cewa "ai hon yana yi, batir lafiya lau" su ma sun faɗa rami. Hon da rediyo ɗan abu kaɗan suke sha. Kik na injin fetur mai silinda huɗu yana jan amfiya sama da 100 a lokacin bugu, na dizal ya fi haka. Wayar da saura 'yan zare biyar a cikinta za ta busa hon, ba za ta juya inji ba. In kana da mita, cikakken batir a kwance yana nuna bolt 12.6, in ya sauka zuwa 12.0 ya yi nisa da sauka. Ainihin gwajin kuma sai ana bugawa: kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Bayan mota ta tashi ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, in ba haka ba caji ne ba ya shiga, kuma sabon batir ɗin da za ka saya shi ma kwana kaɗan zai yi ya kwanta.

Inda na fi ganin ana yin sakaci shi ne hanyar dawowar wuta. Kowa idonsa na kan jar waya mai zuwa kik, an manta cewa wuta sai ta koma batir, kuma ta jikin inji da shasi take komawa. Tsakanin inji da bodi akwai wata waya mai kama da kitso, wayar at. Tsohuwar mota an sauke injinta sau nawa, an fesa fenti, an yi walda. Wata rana yaron gareji zai manta bai mayar da ita ba, ko ya ɗaure ta a kan fenti da tsatsa. Wutar ba za ta haƙura ba, za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta cok. Na taɓa ganin wayar cok tana hayaƙi a wata tsohuwar Hilux a Tudun Wada, mai motar yana rantsuwa an yi masa asiri. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki wayar jona batir, kama gefe ɗaya a nagetif na batir, ɗaya gefen a jikin inji inda ƙarfe yake tsirara. In ta tashi garau, ka kama ɓarawon. Mai mita ya auna tsakanin wuraren nan biyu ana bugawa. Abin da ya kai rabin bolt ya yi yawa. Kuma in za ka sayi sabuwar babbar waya, kankare bakinta ka gani. Akwai mai jan fuska amma cikinta farin alminiyom, ga ta shafal a hannu.

Dukan kik da guduma yana aiki, shi ya sa yake da haɗari. Buroshin ciki ne, ɗan gawayin da ke isar da wuta, ya cinye, dukan yana sa ya ɗan taɓa. Abin da za a gyara da sabon buroshi, sai a yi wata uku ana dukansa har kwayil ɗin ciki ya ƙone. Sabbin kik ƙanana masu maganaɗisu a ciki kuwa, guduma tana fasa maganaɗisun. Haka ma danne makulli ana ta bugawa babu hutu: daƙiƙa goma zuwa sha biyar ta isa, sai a bar shi ya huce.

Haɗa kan solonoyid da sukundireba gwaji ne mai kyau, amma sai an tabbatar giya tana firi, an ja birkin hannu, an sa dutse a taya. Motar da ke cikin giya za ta yi tsalle, kai kuma kana gabanta ko ƙarƙashinta. In ta tashi da sukundireba amma ta ƙi da makulli, kik ya wanke kansa. Laifin yana kan makulli ko siririyar wayar nan, wadda a zanen wayarin ake ba ta lamba 50. Babbar mai zuwa daga batir ita ce 30. Makullin da ya shekara talatin ana murɗa shi, da tarin makullan gida da na shago suna rinjayarsa, cikinsa ya gaji, wutar da yake saki ba ta isa ta ja solonoyid, musamman in inji ya yi zafi. Da yawa sai su jawo waya su sa maɓalli a gefen sitiyari, babu fiyus, waya tana goga da ƙarfe. Gyaran kirki shi ne a sa rile kusa da kik, makulli ya zama umarni kawai yake bayarwa, rile ya ɗauko wuta daga batir ta gajeriyar hanya, da fiyus ɗinsa.

To in kik yana juya inji da ƙarfi amma mota ba ta kama ba, a bar kik ya sarara. Nan ma an saba tafiya kai tsaye ga kafireta, a kwance ta, a hura, a juya sukurorinta, alhali ba a duba ko tartsatsi yana zuwa ba. Zare babbar wayar tsakiyar distirbita, wato mai rarraba wuta zuwa fulogogi, riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin inji, nesa da fetur, wani ya buga. Tartsatsi shuɗi mai ƙara kake nema. In babu, sa kwan gwaji a gefen fositif na koyil, wato mai ƙara wa wuta ƙarfi ta yi tartsatsi, ka ga ko wuta ta zo, sannan ka buɗe kan distirbita ka dubi kwantak, 'yan ƙarafan nan biyu masu buɗewa da rufewa. Bakinsa yakan ƙone ko ya rufe. Tazararsa kusan milimita 0.4 ce. Kwantak da ke yawan ƙonewa sau da yawa kwandansa ne ya lalace, wato ɗan gwangwanin da ke kare bakin kwantak daga ƙonewa, abu mai araha da ake mantawa da shi. Zama a mota makulli a kunne ana jin rediyo inji a kashe shi ma yana dafa koyil da kwantak.

Akwai wata alama da ke ruɗa mutane: mota ta kama muddin kana riƙe da makulli a wajen bugu, kana saki ta mutu. A motocin da ke da ɗan farin tangaran kusa da koyil, mai rage wuta, shi ne ya tsinke ko wayarsa ta fita. Lokacin bugu ana zagaye shi ne, shi ya sa take kamawa. Wasu sai su cire shi su haɗa kai tsaye, mota ta tashi, bayan ɗan lokaci koyil ya yi zafi ya mutu a hanyar Birnin Gwari.

Da damina, musamman a Agusta, raɓa da danshi kan shiga cikin kan distirbita. Busasshen tsumma kawai yake so. Amma kada a zare wayoyin fulogi duka huɗu lokaci ɗaya ba a sa musu alama ba. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, kuma a 504 silinda ta ɗaya tana can baya wajen filawil, ba gaba wajen fanka ba kamar ta Toyota. Yaron da ya saba da Hilux zai jera su yadda ya sani, ka ji kafireta tana atishawa.

Fiyus da ya ƙone kuwa a nemi dalilinsa, a mayar da mai lamba irin tasa. Zaren waya da takardar kwalin sigari da ake cusawa a gurbin fiyus ba su ƙonewa da wuri, wayarin motar ne zai ƙone a madadinsu. Kuma duk aikin da za a yi kusa da kik, a fara cire nagetif na batir, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. Sifanar da ta taɓa fositif da bodi lokaci ɗaya tana yin ja nan take. Tabon yana nan a tafin hannuna na dama, shatin lamba goma sha uku.