Yadda ake gane ciwon mafitsara da ba da fitsarin gwaji kafin a sha magani

Ƙoda biyu ke tace jini su fitar da fitsari. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu mai tsawon kamar santimita 25 zuwa 30 da ke kai fitsarin mafitsara, ita kuma tana iya riƙe mililita 400 zuwa 600. Daga nan sai bututun da ke fitar da shi waje. Na mace bai wuce santimita 4 ba, na namiji kuwa ya kai kusan 20. Wannan gajartar, da kusancin mafitar da dubura, su ne suka sa ciwon ya fi addabar mata. Ƙwayar cutar da ta fi haddasa shi, E. coli, a hanji take zaune, daga can take ratsowa ta hau sama.

Abu na farko shi ne a san inda ciwon ya tsaya. Idan a mafitsara yake, za a ji zafi ko raɗaɗi lokacin fitsari, matsuwa akai-akai amma in an je ɗan kaɗan ke fita, nauyi a mara, fitsarin ya gurɓace, wani lokacin har da jini. Idan kuwa aka samu zazzaɓi na digiri 38 ko fiye, rawar sanyi, amai da ciwo a kwiɓi ko gefen baya ƙarƙashin haƙarƙari, to ƙwayar ta isa ƙoda. Wannan na asibiti ne a ranar, domin tana iya shiga jini. Ƙaiƙayi da fitar farin ruwa ta gaba kuwa galibi wata matsala ce daban, ko da yake ana yawan haɗa su duka a kira su ciwon sanyi, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Wajen ba da fitsarin gwaji ne aka fi yin ɓarna. A ba da shi kafin a haɗiyi ƙwayar maganin kashe ƙwayoyin cuta ko guda, domin shan sa sau ɗaya na iya hana ƙwayar cutar tsirowa a ɗakin gwaji, sakamako ya fito babu komai alhali ciwon na nan. A karɓi mazubi sabo daga ɗakin gwajin, kada a wanke wata kwalba a gida. A wanke hannu, a buɗe murfin ba tare da yatsa ya taɓa ciki ba. Mace ta wanke gabanta da ruwa daga gaba zuwa baya, ta buɗe leɓɓan da yatsu biyu ta riƙe har ta gama. A saki na farko ya zuba a ƙasa, shi ke wanke ƙwayoyin da ke bakin bututun. Ba tare da an tsayar da fitsarin ba, a tara mazubin a tsakiya har ya kai kamar rabi, sauran ya tafi. A rufe gam, a rubuta suna da lokaci.

Sannan a kai shi cikin awa 2. A wuri mai ɗumi E. coli na iya ninka kanta duk minti 20, don haka fitsarin da ya wuni a jaka zai iya nuna ciwon da babu shi. In dole a jinkirta, a sa shi a firiji, kada ya wuce awa 24. Sakamakon shuka ƙwayar, wato renon ta a ɗakin gwaji don a gane ta, yakan fito bayan awa 24 zuwa 72, shi ne ke nuna maganin da zai kashe ta.

Likita na iya fara magani kafin sakamakon ya fito. Ga mace marar ciki, akan ba da nitrofurantoin na kwana 3 zuwa 5, ko fosfomycin giram 3 sau ɗaya tak. Namiji kwana 7 ne. Nitrofurantoin na sa fitsari ya yi duhu, ba abin tsoro ba ne, amma ba ya ratsa naman ƙoda yadda ya kamata, saboda haka ba a magance ciwon da ya hau sama da shi. A shanye adadin da aka rubuta ko da zafin ya lafa, in kuma awa 48 ta wuce babu sauƙi, a koma.

Mai juna biyu kada ta yi wa kanta magani ko kaɗan. A wurinta, ƙwayar da aka gani a fitsari ana magance ta ko da ba ta jin komai, saboda tana iya kaiwa ga ciwon ƙoda da haihuwa kafin lokaci. Haka mai ciwon sukari, da wanda aka sa wa robar fitsari, da jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi, duk likita ya kamata ya gan su da wuri.

Wadda ciwon ke dawo mata sau 2 cikin wata 6, ko sau 3 a shekara, ta ƙara shan ruwa har fitsarinta ya yi haske, ta daina riƙe fitsari, ta riƙa yin sa bayan saduwa, ta bar cusa sabulu ko turare a gabanta. Ta kuma nemi a bincika dalili, kamar tsakuwar ƙoda ko mafitsarar da ba ta juye fitsari duka.