Yadda ake gane ciwon dasashi da yadda ake magance shi tun haƙora ba su fara girgiɗi ba

Mutum zai gatsi rake ya tauna, in ya tofar sai ya ga ja a jiki. Ko ya yi asuwaki kafin sallar asuba, ya ga bakin itacen ya rine da jini. Sai ya ce ai ƙarfi ya sa, ko buroshin ne sabo, ya kurkure baki ya wuce harkarsa. Wannan ɗan jinin shi ne sallamar farko da ciwon dasashi yake yi, kuma yawancinmu ba ma amsawa, domin ba ya zuwa da zafi. Ruɓewar haƙori tana hana barci, dole mutum ya nemi magani. Ciwon dasashi kuwa sai ya shekara goma yana cin ƙashin da ke riƙe da haƙora ba tare da ya hana mai shi cin tuwo ba ko sau ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022, kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, mutum sama da biliyan ɗaya, suna ɗauke da nau'insa mai tsanani.

Ina da kawu da ya zubar da haƙora shida kafin ya cika shekara 55, ba ko ɗaya da ya ruɓe. Lafiyayyu suka riƙa fita, ɗaya bayan ɗaya, kowa a gida yana cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Mataki na farko: san abin da ke faruwa a bakinka

Awanni kaɗan bayan goge baki, wani farin datti mai yauƙi yake fara taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi. Ba ragowar abinci ba ne kawai, tarin ƙwayoyin cuta ne. Idan ba a cire shi ba, cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu gishirin da ke cikin yawu yana daskarar da shi, ya kama jikin haƙori kamar yadda ƙanzo yake kama tukunya. Daga nan buroshi ko asuwaki ba sa iya ɓamɓare shi.

Ciwon yana da hawa biyu. A hawa na farko dasashi ne kaɗai yake kumbura yana jini, ƙashi bai taɓu ba, kuma ana warkewa sarai. A hawa na biyu dasashin ya saki haƙori, rami ya buɗe tsakaninsu, ƙwayoyin cuta sun gangara ƙasa, ƙashin muƙamuƙi ya fara zaizayewa. Ƙashin da ya tafi galibi ba ya dawowa, sai dai a tsayar da ciwon a ceci abin da ya rage.

Mataki na biyu: duba bakinka da kanka

Sami madubi da haske mai kyau, ka wanke hannu, ka ɗaga leɓen sama ka ja na ƙasa. Kada launi ya ruɗe ka. Da yawa daga cikinmu dasashinsu baƙi ne ko mai dabbare-dabbare tun haihuwa, wannan ba ciwo ba ne. Abin dubawa shi ne ƙarfinsa. Lafiyayyen dasashi a ɗame yake, ya rungume haƙori, tsininsa ya cike tsakanin haƙora. Mai ciwo kuwa ya kumbura, yana sheƙi, gefensa ya yi laushi, da an taɓa sai jini.

Sannan ka leƙa bayan haƙoran gaba na ƙasa, wajen harshe. Nan ne daskararren dattin ya fi taruwa, domin nan yawu yake ɓuɓɓugowa. Za ka gan shi ruwan ɗorawa, ko ruwan ƙasa in mai cin goro ne ko shan shayi.

Alamun da ke nuna abin ya yi nisa su ne waɗannan. Haƙora sun ƙara tsawo a ido saboda dasashi ya ja da baya. Wushiryar da ba a haife ka da ita ba ta ɓullo. Nama yana yawan maƙalewa a wurin da da ba ya maƙalewa. Ruwan sanyi yana sa haƙori tsami. In ka danna dasashi da yatsa mugunya tana fitowa. Haƙori yana motsi, ko ka ji haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa yadda suka saba. Sai warin baki da ba ya jin makilin ko kanumfari. Shi wannan mai shi ba ya jin sa, sai dai matarka ko mijinki ko wani amini ya faɗa, don haka ka tambaya da kanka, kada ka jira a ji nauyinka.

Mai shan sigari ya yi hattara a nan. Taba tana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, saboda haka dasashinsa zai iya lalacewa sosai ba tare da jini ba. Rashin ganin jini a wurinsa ba shaidar lafiya ba ce.

Mataki na uku: gyara yadda kake goge baki, kuma kada ka daina don ka ga jini

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Mutum ya ga jini a wani gefe, sai ya riƙa kauce wa wurin don kada ya fama. Datti ya ƙara taruwa, kumburi ya ƙaru, jinin ma ya ƙaru. Wurin da yake jini shi ya fi buƙatar gogewa, a hankali amma kullum.

Ka sayi buroshi mai laushi, mai ƙaramin kai. Mai tauri da mutane suke so don suna jin ya fi fitar da datti yana kankare dasashi ne kawai. Ka karkata gashinsa ya kalli gindin haƙori, rabi a kan haƙori rabi a bakin dasashi, ka riƙa ɗan jujjuya shi a wuri ɗaya kafin ka matsa gaba, haƙori biyu biyu. Ba gugar wanki ba ce. Ka bi waje, ka bi ciki, ka kai har turamen ƙarshe. Minti biyu, sau biyu a rana, kuma na kafin barci ya fi muhimmanci, domin yawu yana raguwa da dare. Ka zaɓi makilin mai sinadarin fuloraid, ka tofar bayan ka gama ba sai ka kurkure da ruwa ba. Buroshi a canza shi duk wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje.

Asuwaki sunna ne, kuma yana aiki ƙwarai in an iya shi, ko farin da alhazai suke kawowa ko na darbejiya. Sai dai gashinsa a miƙe yake da sandar, shi ya sa yake wuyar kaiwa bayan haƙora da turame na can ciki. Yawancin masu yin sa haƙoran gaba kawai suke ta gurza, har dasashin wurin ya ja baya, na ciki kuwa ba a taɓa su ba. Ka riƙa yanke bakin da ya tsufa, ka tauna sabo har ya yi laushi, ka wanke shi bayan amfani maimakon jefa shi aljihu haka nan. A ganina haɗa biyun ya fi: buroshi safe da dare, asuwaki a lokutan salla.

Sai tsakanin haƙora, inda ciwon ya fi farawa. Buroshi ba ya shiga nan. Tsinken tsintsiya, ashana da allura da muke sakace da su bayan cin tsire ko kilishi suna huda dasashi, ba sa fitar da yauƙin. A manyan kantunan magani ana sayar da zaren sakace, da wasu 'yan mitsi-mitsin buroshi na shiga tsakanin haƙora. In da ɗan fili tsakanin haƙoranka, ƙaramin buroshin ya fi. In a matse suke, zare. Sau ɗaya a rana ya isa.

Kurkure baki da ruwan ɗumi da aka narka rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya yana sauƙaƙa kumburi, amma ba ya cire datti. Ruwan kurkure mai sinadarin kuloheksidin yana da ƙarfi, sai dai na mako ɗaya ne ko biyu, domin in an daɗe ana yi yana rina haƙora yana dusashe ɗanɗano.

Idan ciwon yana hawa na farko, cikin mako ɗaya zuwa biyu jinin zai ragu sosai ko ya ɗauke. In bai ɗauke ba, akwai abin da hannunka ba zai iya cirewa ba.

Mataki na huɗu: je a wanke maka haƙora a asibiti

Akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da kuma manyan asibitocin jihohi da dama. Likita zai sa wani siririn ƙarfe mai awo a gefen kowane haƙori ya auna zurfin ramin. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ne. Daga 4 ciwo ya shiga, 6 zuwa sama ya yi zurfi. Yana iya tura ka hoto don ganin yadda ƙashi ya rage.

Wankin kansa da wata na'ura ake yi mai girgiza tana fesa ruwa, tana ɓamɓare daskararren dattin. In ramukan suna da zurfi, sai an bi har jikin saiwar haƙori a kankare, a nan ana yin allurar kashe wurin, kuma aikin kan sa a je asibitin sau biyu ko fiye.

Na sha jin ana cewa wankin haƙori yana buɗe giɓi yana sa haƙora girgiɗi. Ga gaskiyar abin: giɓin yana nan tun da, dattin ne ya cike shi kamar siminti, kumburin dasashi kuma ya rufe shi. Da aka cire datti kumburi ya saɓe, sai ɓarnar da ciwon ya riga ya yi ta fito fili. Tsamin haƙori na 'yan kwanaki ko makonni bayan wanki shi ma yana wucewa. Wannan jita-jitar ta jawo wa mutane da yawa asarar haƙora.

Bayan wata biyu zuwa uku za a sake aunawa. Ramukan da suka ƙi rufewa wani lokaci sai an yi ƙaramin aiki, a ɗaga dasashi a wanke ƙarƙashinsa a ɗinke. Haƙoran da suke motsi ana iya ɗaure su da maƙwabtansu. Wanda ƙashinsa ya ƙare kuwa cire shi ya fi, don kada ya ci na kusa da shi.

Mataki na biyar: nemo abin da ke rura wutar

Ciwon suga da ciwon dasashi suna ciyar da juna. Suga in ya yi sama jiki ba ya iya yaƙar ƙwayoyin cuta, kumburin dasashi kuma yana sa sugan ya ƙi sauka. Duk wanda ƙurji yake yawan fito masa a dasashi, ko haƙoransa suka fara motsi yana ɗan shekara 30 ko 40, ya je a gwada masa suga. Wasu ta nan ake fara gano suna da shi.

Mai juna biyu dasashinta yakan kumbura ya yi jini saboda canjin sinadaran jiki. Wankin haƙori ba ya cutar da ciki, kuma maganar cewa kowace haihuwa sai ta tafi da haƙori ɗaya ba dole ba ce. Wasu magungunan hawan jini, irin su amlodifin da nifedifin, da maganin farfaɗiya fenitoyin, suna sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙora. Kada ka daina sha da kanka, ka gaya wa likitan da ya rubuta maka, yana iya canza shi. Mai shan taba kuwa ya sani cewa magani ba ya kama shi kamar yadda yake kama wanda ba ya sha.

Abubuwan da za ka guje musu

Kada ka je kemis ka sayi Flagyl ko amoksisilin ka yi ta sha duk lokacin da dasashi ya kumbura. Zai lafa na 'yan kwanaki ya dawo, domin dattin yana nan daram, kuma kana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Likita ne yake sanin lokacin da ake buƙatarsu. Kada a danna ƙwayar asfirin, ko kanwa, ko ruwan batir a jikin dasashi, ƙuna suke yi. Gawayi da toka suna sa haƙori haske na ɗan lokaci amma suna cinye ɓawonsa na waje. Masu talla a kasuwa da suke cewa za su fitar maka da tsutsa daga haƙori, babu wata tsutsa a ciki.

Lokacin da ba a jira

Idan kumburi ya bazu zuwa kunci, ƙarƙashin haɓa ko kusa da ido, ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suna wuya, a tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Haka in dasashi yana zubar da jini da kansa ba a taɓa shi ba, tare da kasala ko tabon jini a fata, wannan yana iya zama matsalar jini, sai an yi gwaji. Gyambo ko farin tabo a baki da ya wuce mako uku bai warke ba shi ma a nuna wa likita, musamman ga mai shan taba.

Wanda ciwonsa ya taɓa kaiwa hawa na biyu zai riƙa komawa ana duba shi ana wankewa duk wata uku zuwa shida, ko da yana jin bakinsa lafiya ƙalau. In za ka tafi, ka ɗauki kwalayen duk magungunan da kake sha, musamman masu tsinka jini, ka kuma tafi da buroshinka ka goge a gaban ma'aikacin, ya nuna maka wuraren da hannunka yake tsallakewa.