Yadda za ka gane ko akwai aikin tilas a bayan kayan da kake sarowa

Wannan na 'yan kasuwa ne, musamman masu fitar da riɗi da zoɓo da citta waje, da masu ƙananan kamfanoni da ke ɗaukar leburori ta hannun ɗan kwangila. In aka ce aikin tilas ko safarar mutane sai ka ji mutum ya ce ai ni ban ɗaure kowa ba, toh ai yanzu da bashi ake ɗaure mutum ba da igiya ba. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO ta ƙiyasta mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a 2021, kuma mafi yawansu a hannun masu zaman kansu suke, ba gwamnati ba.

Ka fara da bin sawun kayanka. Buhun nan da ya shigo sitonka a Dawanau, wane dillali ya kawo, daga wace kasuwar ƙauye ya tara, su wa suka tsince suka ɗura, su wa suka yi lodi. Ka rubuta a littafi. Inda aka ce maka "kai dai karɓi kaya Alhaji", nan ne wurin dubawa.

Amma babban ramin yana wajen ɗan kwangilar da ke kawo maka ma'aikata. Ga yadda abin ke tafiya: a ɗauko yaro daga ƙauye a biya masa kuɗin mota a ba iyayensa ɗan wani abu, yana sauka a ce masa duk wannan bashi ne, ga kuɗin tuwo ga na wurin kwana ana ta ɗorawa, wata shida yana ɗaukar buhu bai taɓa riƙe ladansa a hannu ba kuma in ya ce zai koma gida a ce sai ya biya tukuna. Kai kuma kana biyan ɗan kwangilar cif-cif duk sati kana ganin ka fita haƙƙi. Wallahi ba ka fita ba.

Saboda haka ka yi magana da ma'aikatan da kanka, ba a gaban ogansu ba, matan da ke tsintar zoɓo kuwa a samu mace ta zauna da su don ba za su saki jiki da kai ba. Tambayoyin ba su da yawa. Ka biya wani kuɗi kafin a ɗauke ka? Katin ɗan ƙasarka ko fasfo da wayarka suna hannunka? Yaushe aka biya ka na ƙarshe, nawa aka yanke? In ka ce gobe ka daina me zai faru? Ka leƙa inda suke kwana ma, ka ga ko ana kulle ƙofa ta waje.

Sai ka sa a takardar yarjejeniya cewa kuɗin ɗaukar ma'aikaci kan mai ɗauka yake, ba a riƙe takardun kowa, lada kuma kai tsaye zuwa hannu ko asusun mai aikin. Ziyara ka riƙa yinta ba sanarwa, in ka faɗa za a share wuri a ɓoye yara.

Masu ganin wannan surutun Turawa ne su duba Top Glove na Malesiya, babban kamfanin safar hannu, a 2020 Amurka ta tare kayansa a tashar ruwa har sai da ya mayar wa baƙin ma'aikata kuɗin da suka biya ejan. Tarayyar Turai ma dokarta ta hana shigar da kayan aikin tilas za ta fara aiki a Disambar 2027.

In ka tarar da matsala kar ka yi saurin korar ɗan kwangilar ka wanke hannu, zai kwashe yaran ne ya kai wani sito da bashinsu a wuya. Fara da a biya su ladan da aka riƙe, a soke bashin, a miƙa musu takardunsu. In kuwa akwai duka ko kulle ko ƙananan yara da aka rabo da gida, wannan ya wuce sulhun kasuwa, a kai wa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, suna da ofishin shiyya a Kano.