Yadda ake narka alminiyum a zuba tukunya

Masu zubin tukunya a Panteka ta Kaduna da na kasuwar Katako a Yamai duk abu ɗaya suke nema, wato wutar da za ta kai digiri 660 a ma'aunin Celsius, don a nan ne alminiyum yake sakin jiki ya koma ruwa. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ƙarfe a jere suke kamar sahu, kowacce ta riƙe 'yar uwarta gam, to zafi na shiga sai su kama karkarwa, wuta na ƙaruwa karkarwar na ƙaruwa har riƙon ya kwance. Narkewar kenan.

Da farko ka haƙa rami ka cika da gawayi, ka jona zugazugi ko fanka ta ƙasa, saboda gawayi in ba iska ba zai kai ka ko'ina ba. Kaskon narkawa ya zama na baƙin ƙarfe mai kauri, shi sai wajen digiri 1500 yake narkewa, shi ya sa yake jurewa.

Abin da za ka zuba, gwangwanin lemo ne ko tsohuwar tukunya, ya bushe ƙarau. Don Allah a kula da wannan, ɗigon ruwa ɗaya in ya shiga narkakken ƙarfe nan take yake zama tururi ya yi bindiga ya watso maka a fuska da ƙafa. Ka ɗan gasa kayan a gefen wuta tukuna, ka sa takalmi rufaffe, ba silifa ba.

In ya fara narkewa kar ka yi gaggawa, zafin tsayawa yake a 660 har sai guntun ƙarshe ya narke sannan ya ci gaba da hawa, in ka zuba da wuri daskarewa zai yi a hanya tukunya ta fito da huji. Kwashe dattin da ya taso sama, ɗauki kaskon da awartaki ka zuba cikin ƙasar da ka daddanna ka fitar da siffar tukunya a cikinta, a tashi ɗaya ba tsayawa.

Sannan dalmar batirin mota kar ta kusanci kaskon nan ko kaɗan. Tun a digiri 327 take narkewa ta gauraye ba ka gani ba, kuma dalma guba ce, ita ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta hanyar haƙar zinaren da ke gauraye da ita. Ka tsince kayanka ɗaya bayan ɗaya kafin ka hura wuta, wanda ka ji ya fiye nauyi a hannu ka ware shi gefe.