Yadda Na Raba Duna Da Guje-gujen Ƙwallo

Duna shi ne karen da ke mana gadi a unguwar Rikkos da ke Jos, jinsin Jamus, irin wanda ake kira Alseshan. Kusan shekara 2 kullum bayan la'asar yara na jefa masa ƙwallo, ya kwasa a guje ya kawo, a sake jefawa, sai sun gaji don kansu. Mu a ganinmu motsa jiki ne. Wata safiya ya tashi yana ɗingishi da ƙafar baya, na kai shi wurin likitan dabbobi. Ya lallatsa gwiwar, ya ce mini gudun ba shi ne babbar matsalar ba, tsayawar ce. Kare mai nauyi ya taho a guje ya ci birki, ya murɗa jiki a kan tsandaurin ƙasa irin tamu ta Jos, jijiyar gwiwa da kafaɗa ke ɗaukar wahalar. Ga shi kuma kare ba ya cewa ya gaji, ko harshe ya zazzago zai sake bin ƙwallon. Abin ya dame ni ƙwarai, don da hannunmu muka ja masa.

A maimakon jefa ƙwallo, abin da ya fi yi mana amfani shi ne wasan hanci. Ka yanka dafaffiyar hanta ko nama ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, babu gishiri babu yaji. Kada ka yi amfani da tsire ko kilishi, saboda albasa da tafarnuwa suna cutar da jinin kare. Ka sa wani ya riƙe karen, ka watsa naman cikin ciyawa yana kallo, sannan ka ce "nemo". Bayan kwana uku ka daina bari ya gani. Ni nakan kife gwangwanayen madara guda biyar, in sa naman a ƙarƙashin ɗaya kaɗai, ko in cusa shi cikin kwali tare da tsummoki. Minti 15 na wannan sunsune, sai Duna ya sha ruwa ya miƙe a inuwa. A da, bayan ƙwallo, kai-komo yake ta yi a tsakar gida yana haushi.

Yawo ma na canza masa salo. Na sami igiya mai tsawon mita biyar, muna fita da sassafe ta bayan gari, shi ne ke gaba. Inda ya tsaya sunsuna, na tsaya, ko da dutse ɗaya zai yi minti biyu a kai. Hawan tudu a hankali yana ƙarfafa ƙafafun baya ba tare da murɗiya ba. Amma ka nisanta shi da tafkunan tsohon haƙar kuza, suna da zurfi fiye da yadda ido ke gani. In kun dawo, musamman da damina, ka duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska.

Ja-in-ja da igiya mai kauri ma wasa ne mai kyau, muddin ka riƙe ta ƙasa-ƙasa, ba ka ɗaga shi sama da ita ba, kuma ya koyi saki in ka ce "saki".

Ƙwallon kuwa ban jefar ba, yara ba za su yarda ba. Sai dai yanzu ana zaunar da Duna, yaro ya je ya ɓoye ƙwallon bayan tukunyar fure ko ƙarƙashin benci, ya dawo, sannan a sake shi. Sau uku ko huɗu ya isa. Sanda kam kada a jefa ko da wasa, tana iya soke shi a maƙogwaro. In kuma naka ɗan kwikwiyo ne na babban jinsi, ka jinkirta duk wani tsalle da gudun birki sai ya kai wajen wata 18, lokacin da ƙasusuwansa suka gama girma.