Kafin ka ɗauko rigar roba zuwa gasar tirayatlon, duba ɗumin ruwan

'Yan uwa masu shirin shiga tirayatlon, gasar nan ta iyo da keke da gudu, ga abin da ke kama sababbi da yawa. Rigar roba ta iyo tana ɗumama jiki, tana kuma ɗaga mutum sama a ruwa har saurinsa ya ƙaru, shi ya sa ake son ta. Amma ba kullum ake barin a sa ta ba. Ɗumin ruwan ne ke yanke hukunci.

A gasannin Ironman, wato tirayatlon mai dogon zango, masu fafatawa a rukunin shekaru, waɗanda ba ƙwararru ba, suna iya sa ta muddin ruwan bai wuce digiri 24.5 na Salsiyas ba. Ƙwararru kuwa iyakarsu 21.9. Idan ruwan ya yi ƙasa da digiri 16, sa ta ya zama dole. Kaurin robar kuma kada ya wuce milimita 5.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ana auna ruwan ne da safiyar ranar gasa. Zafin rana na kwana biyu kawai zai iya ɗumama tafki, ka wayi gari an hana rigar da ka yi watanni kana atisaye da ita. Saboda haka ku riƙa yin iyo mai nisa ba rigar, aƙalla sau ɗaya a mako, jiki ya saba.

Kada kuma a yi gardama da dokar nan. Roba a ruwa mai ɗumi tana tara zafi a jiki, mutum ya fito a galabaice tun bai hau keke ba.